Zauren Lissafi: Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ga hujjarsa a lissafi

Yau kowa ya ɗauko biro da takarda tun daga farko, domin wanda ya ce zai bi darasin da ido kawai zai ɓace a tsakiyar hanya.

Masu ɗaukar darasin tattalin arziki a babbar sakandare sun san kayan da ake cewa suna tafiya tare, kamar mota da fetur, ko waya da layi, ko shayi da sukari. Sun kuma san kayan da ɗaya ke maye gurbin ɗaya, kamar gawayi da iskar gas. A aji ana haddace ma'anar, a kawo misali biyu, a ci maki a jarrabawar WAEC ko NECO, shi ke nan an wuce wurin. Amma a ƙarƙashin wannan 'yar ma'ana akwai lissafin da ya ɗauki masana kusan shekara ɗari kafin su daidaita masa zama. Abin daɗin shi ne ɗan aji huɗu na sakandare zai iya bin hujjarsa daga farko har ƙarshe, don ba ta bukatar komai sai tarawa da ɗebewa da natsuwa.

Mu ƙaddara wani manomi yana da gona kadada ɗaya, kuma shawara biyu ce a gabansa kafin damina: ya sayi ingantaccen iri ko ya shuka wanda ya ajiye bara, sannan ya sa takin zamani ko ya bari. Lambobin da za mu kawo mu muka ƙirƙire su don darasi, kada wani ya kai su gona. Ga abin da zai girbe a kowane hali:

A. Tsohon iri, babu taki: buhu 10
B. Sabon iri, babu taki: buhu 12
C. Tsohon iri, da taki: buhu 15
D. Sabon iri, da taki: buhu 25

To, buhu nawa taki yake ƙarawa? Wanda ya yi saurin amsawa ya faɗi, domin tambayar ba ta da amsa ɗaya. Idan tsohon iri aka shuka, taki ya ƙara C − A, wato buhu 5. Idan sabon iri ne, ya ƙara D − B, wato buhu 13. Haka shi ma sabon irin: ba taki, ƙarinsa B − A, buhu 2 kacal, amma da taki ƙarinsa D − C, buhu 10. Wannan shi ne abin da za mu riƙa kira ƙarfafa juna: abu biyu suna ƙarfafa juna idan samuwar ɗaya tana sa amfanin ƙara ɗayan ya haura.

Ku lura da wani abu. Sabon iri ya ɗaga amfanin taki daga 5 zuwa 13, bambanci 8. Taki ya ɗaga amfanin sabon iri daga 2 zuwa 10, bambanci 8 shi ma. Wannan ba dace ba ne. Rubuta D − B ≥ C − A. Ka ƙara A da B a kowane ɓangare, za ka samu D + A ≥ B + C. Daga nan ka ɗebe C da A a kowane ɓangare, sai ga D − C ≥ B − A. Ashe maganganun uku magana ɗaya ce ta sake riga. Idan iri yana ƙara wa taki daraja, tilas taki ma ya ƙara wa iri daraja, kuma da adadi ɗaya. Ku zana akwati mai kusurwa huɗu, ku sa A a ƙasa ta hagu, D a sama ta dama, B da C a sauran biyun. Gwajin shi ne a tara “babu ko ɗaya” da “duka biyu”, a gwada da jimillar “wannan kaɗai” da “wancan kaɗai”. A gonarmu 35 ne da 27. Wannan akwati shi ne darasin yau gaba ɗaya, za ku ga ya yi ta dawowa.

Ko da yake lambobin namu ne, lamarin ya faru da gaske. Tsohon irin alkama dogo ne, idan aka cika masa taki sai kai ya yi nauyi, kara ya kwanta a ƙasa, amfanin ya lalace. Norman Borlaug, masanin noma ɗan Amurka da ya yi aiki a Meziko, ya samar da gajeren iri mai ƙarfin kara wanda ke ɗaukar taki da yawa bai kwanta ba. Da irin ya isa Indiya da Pakistan a tsakiyar shekarun 1960, tare da taki da ruwan ban-ruwa, noman alkama ya haura ƙwarai, kuma Borlaug ya karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1970. Haka aka yi da shinkafar IR8 da aka fitar a ƙasar Filifin a 1966. Gajeren irin idan ba taki ba ruwa, abin da yake ƙarawa kaɗan ne.

Yanzu mu shigo da kuɗi. Don sauƙi mu auna tsada da buhu: sabon iri ya ci kuɗin buhu 3, taki ya ci kuɗin buhu 7. Abin da zai rage wa manomin:

Bai canza komai ba: 10
Sabon iri kaɗai: 12 − 3 = 9
Taki kaɗai: 15 − 7 = 8
Duka biyu: 25 − 10 = 15

A nan tarkon yake. Manomi mai hankali, wanda ba ya son ganganci, zai ce bari ya gwada abu ɗaya bana, in ya ga da kyau ya ƙara ɗayan baɗi. Ya gwada sabon iri, ya tashi da 9 maimakon 10. Ya koma tsohon irinsa ya gwada taki, ya tashi da 8. Sai ya yanke hukunci cewa duka biyun yaudara ce, kuma yana da shaida a rumbunsa. Alhali da ya haɗa su rana ɗaya da ya tashi da 15. Bai yi wauta ba ko kaɗan. Hanyar gwajinsa ce ba ta iya gano abin da ke kusurwar D, tunda duk matakin da zai taka guda ɗaya daga A gangara ce.

Sai tambaya ta biyu, wadda ita ce masana tattalin arziki suka fi damuwa da ita. Idan wani abu ya canza daga waje, ina shawarar mutum za ta nufa? Mu kira farashin taki t. Riba huɗun sun zama 10, da 9, da 15 − t, da 22 − t. Idan t ya kai 14, duka biyu za su ba shi 8, don haka zai zauna a kan 10 bai sayi komai ba. Idan t ya sauko 13, har yanzu bai motsa ba. Da zarar t ya sauko ƙasa da 12, sai ya yi tsalle ɗaya daga A zuwa D. Ku duba abin da ya faru da mai sayar da iri: bai rage ko kwabo a farashinsa ba, amma ciniki ya zo masa saboda arahar kayan wani. Haka kuma ranar da taki ya yi tsada, shi ma zai ji a jikinsa. Duk yadda kuka sauko da t, ba za ku taɓa samun wurin da manomin ya rage taki ko ya rage iri ba. Ko dai ya tsaya inda yake, ko ya haura.

Wannan aiki na kwatanta shawarar mutum kafin canji da bayan canji tsohon aiki ne a ilimin tattalin arziki. Francis Edgeworth na Jami'ar Oxford yana cikin waɗanda suka fara rubuta ma'anar ƙarfafa juna da lissafi a ƙarshen ƙarni na 19. Paul Samuelson, a littafinsa na 1947 kan harsashin nazarin tattalin arziki, ya tsara yadda ake amsa irin wannan tambaya da kalkulas, lissafin nan da masu ɗaukar ƙarin lissafi ke fara ɗanɗanawa a sakandare. Hanyar tana aiki, amma tana da sharuɗɗa masu nauyi. Tana son abin da ake zaɓa ya zama mai rabuwa ƙanana-ƙanana kamar ruwa, tana son zanen riba ya zama sumul, kuma ya zama tudu ɗaya ne mai ƙololuwa ɗaya. Manominmu ya karya duk wannan. Zaɓinsa “e” ne ko “a'a”, kuma tsalle ya yi. A 1978 wani masanin lissafi ɗan Amurka, Donald Topkis, ya wallafa ƙa'idar da ta nuna cewa waɗancan sharuɗɗa kaya ne da aka ɗora wa tambayar ba tare da ta nema ba. Abin da ke yin aikin tun asali shi ne ƙarfafa juna.

Bari mu ga hujjar da misalin tela. Yana shawarar keken ɗinki nawa zai sa a aiki, kowanne da yaron da zai hau shi. Ga ribarsa ta wata, kowace lamba tana nufin naira dubu goma, kuma su ma mu muka ƙirƙira:

Watan da ba kasuwa: keke ɗaya 20, biyu 18, uku 23, huɗu 21
Watan azumi, gab da Sallah: keke ɗaya 30, biyu 33, uku 45, huɗu 50

Layin farko ba shi da tsari: ya sauka, ya hau, ya sake sauka. Ku ɗauka keke na biyu ne ke tilasta masa kama babban shago, shi ya sa ribar ta faɗi a nan. Kalkulas ba ta jin daɗin irin wannan layi. Mu kuwa matakai kawai za mu duba. A watan da ba kasuwa matakan su ne −2, +5, −2. A watan azumi su ne +3, +12, +5. Kowane mataki na azumi ya fi takwaransa, ke nan yawan keke da yawan masu kawo ɗinki suna ƙarfafa juna. Tunda kowane mataki ya fi, to tsalle mai matakai biyu ko uku shi ma ya fi, domin jimillar matakan ce.

Ga hujjar. A watan da ba kasuwa, zaɓin da ya fi shi ne keke uku. Ma'anar haka ita ce, daga kowace lamba da ke ƙasa da uku, haurawa zuwa uku ba asara ba ce, bambancin sifiri ne ko sama da sifiri. Watan azumi ya zo. Wannan bambancin bai ragu ba, domin abin da ƙarfafa juna ke nufi ke nan. Abin da yake sifiri ko sama, kuma bai ragu ba, har yanzu sifiri ne ko sama. Saboda haka a watan azumi ma babu wata lamba ƙasa da uku da ta doke uku. Telan ba shi da dalilin rage keke. Hujja ta ƙare. Ku sake karanta ta, za ku ga ba mu yi amfani da 23 ko 45 ba, ba mu ce zanen sumul ne ba, ba mu ce kekuna suna rabuwa biyu ba. Don haka hujjar ta hau kan kowane tela da kowane jadawali, matuƙar matakan ba sa raguwa. A jadawalinmu ya tashi daga uku zuwa huɗu.

Mai kaifin ido zai ce ai a hujjar nan ba mu bukaci bambancin ya ƙaru ba, abin da muka bukata kawai shi ne kada ya faɗa ƙasa da sifiri. Wanda ya hango wannan da kansa ya hango abin da Paul Milgrom da Chris Shannon suka wallafa a 1994. Sun sassauta sharaɗin zuwa cewa idan haurawa ta biya a lokacin da ba kasuwa, to kada ta koma asara a lokacin kasuwa. Suka kuma nuna cewa ba a iya sassauta shi fiye da haka, in dai ana son sakamakon ya tabbata ko wane irin jerin zaɓi aka ba mutum. Amfanin wannan shi ne ya kama har abubuwan da ba a auna su da naira, sai dai a ce wannan ya fi wancan, kamar jin daɗi ko gamsuwa. Shannon mace ce, malama a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, muna faɗa ne don 'yan matan da ake gaya wa lissafi na maza ne. Milgrom na Jami'ar Stanford ya samu Nobel ta tattalin arziki a 2020 tare da Robert Wilson, amma a kan wani aikin daban, nazarin gwanjo.

Idan shawarwarin sun wuce ɗaya fa? Telan yana zaɓen yawan keke da kuma awa nawa zai kunna janareta. Ɗauki tsari biyu: keke 4 da awa 2, ko keke 2 da awa 6. Ba za a ce ɗaya ya fi ɗaya girma ba, kowanne ya fi a wani ɓangare. Amma daga cikinsu ana iya gina wasu biyu. Ɗauki babba a kowane ɓangare, ka samu keke 4 da awa 6. Ɗauki ƙarami a kowane ɓangare, ka samu keke 2 da awa 2. Ga akwatinmu ya dawo, babban haɗi a kusurwar D, ƙaramin haɗi a kusurwar A. Ƙa'idar Topkis ta ce: idan ribar babban haɗi da ta ƙarami, a tare, ba ta gaza jimillar ribar tsarin biyu na farko ba, ko waɗanne tsari biyu aka ɗauko, kuma canjin da ya zo daga waje yana ƙarfafa kowace shawara ko aƙalla bai raunana ta ba, to shawarwarin za su haura tare ko su tsaya, babu mai sauka. Ko da canjin guda ɗaya kawai ya taɓa kai tsaye, ita za ta ja sauran.

Da wannan ƙa'ida Milgrom da John Roberts suka yi bayanin masana'antun zamani a 1990. Kamfanin Ford ya ƙera motar Model T daga 1908 zuwa 1927, sama da miliyan 15, shekaru da dama ma baƙa kawai yake fitarwa. Tsarinsa ya dace da juna: mota iri ɗaya, injuna masu aiki ɗaya tak, ma'aikaci mai maimaita abu ɗaya, da tarin kayan gyara a ajiye. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Toyota a Japan ta gina wani tsarin da shi ma ya dace da juna: injunan da ake saurin juya su zuwa wani aiki, motoci iri-iri kaɗan-kaɗan, ajiya 'yar kaɗan, ma'aikata masu horo da ke da ikon tsayar da layi in sun ga aibi, da masu kawo kaya da ake magana da su kullum. Rage ajiya ba tare da amintattun masu kawo kaya ba, tsayar da masana'anta ne. Sayen inji mai juyawa ba tare da ma'aikacin da ya iya juya shi ba, zubar da kuɗi ne. General Motors ya kashe biliyoyin daloli a kan mutum-mutumin inji a shekarun 1980, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Amma masana'antarsa ta Fremont a Kalifoniya, wadda ya rufe a 1982, da aka sake buɗe ta a 1984 da haɗin gwiwar Toyota aka kawo tsarin gaba ɗayansa, akasarin ma'aikatan tsofaffin ne aka dawo da su, kuma ingancin motocin ya haura nan da nan. Wurin yau masana'antar Tesla ce.

Wanda ya fi shafarmu shi ne na makaranta. A Tanzaniya an yi gwaji a makarantun firamare 350, Isaac Mbiti da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon a 2019. An raba makarantun ta hanyar ƙuri'a: wasu aka ba su tallafin kuɗi, wasu aka yi wa malamansu alkawarin lada gwargwadon ƙoƙarin ɗalibansu, wasu aka haɗa musu duka biyu, wasu ba a ba su komai ba. Kusurwa huɗu ke nan, A da B da C da D. Bayan shekara biyu, tallafin kuɗi shi kaɗai bai ɗaga makin ɗalibai ba. Ladan malamai shi kaɗai ya nuna alamar amfani. Inda aka haɗa biyun kuwa, ci gaban ya zarce jimillar abin da kowanne ya kawo shi kaɗai. Don haka idan kun ji wani babba yana cewa an ba makarantu kuɗi ba a ga komai ba, saboda haka kuɗi ba shi ne matsalar ba, ku tambaye shi cikin ladabi ko ya duba kusurwar D. A ganinmu da yawa daga cikin shirye-shiryen da ake yi wa hukuncin sun gaza, gwajin manominmu aka yi musu.

Akwai wata hanya mai sauƙi ta gane ƙarfafa juna: duk inda ake ninka abubuwa maimakon a tara su, tana nan. Ranar 28 ga Janairu 1986 kumbon Challenger na Amurka ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashinsa, mutum bakwai suka mutu, ciki har da malamar makaranta. Sanadin shi ne wani zoben roba da sanyi ya hana shi toshe mahaɗa yadda ya kamata. Michael Kremer ya ɗauki darasin ya gina nazari a 1993: a aikin da kuskuren mutum ɗaya ke rushe na kowa, ingancin ma'aikata ninka shi ake yi. Ɗauki ma'aikata huɗu, biyu masu ƙwarewa 9, biyu masu 5, za a raba su biyu-biyu. In aka haɗa gwani da gwani, 81 da 25, jimilla 106. In aka gauraya, 45 da 45, jimilla 90. D + A ne da B + C kuma.

Mun san abin da wasu za su ɗauka daga nan: ashe gara masu ƙoƙari su ware rukunin karatunsu su bar sauran. A yi hattara. Lissafin ya ce haka ne kawai idan sakamakon ninki ne. A rukunin karatu sau da yawa akasin haka ake gani, wanda ke baya yana ƙaruwa sosai da zama kusa da gwani, gwanin kuwa abin da zai ƙaru da shi daga wani gwanin bai kai haka ba, kuma koyarwa tana ƙara zaunar masa da abin da ya sani. Idan haka lamarin yake, B + C ne zai rinjayi D + A, gaurayawa ce ta fi. Ƙa'ida ba ta gaya maka wane hali kake ciki ba, sai ka cike akwatin da lambobin gaskiya.

Ƙa'idar tana da wani sharaɗi da ake yawan mantawa, kuma shi ya fi cizon talaka. Dole babban haɗi da ƙaramin haɗi su kasance cikin abin da mutum zai iya zaɓa. Mu koma gona mu canza lambobi kaɗan. Sabon iri ya ci buhu 1, taki buhu 7, amma abin da ke hannun manomin a farkon damina kuɗin buhu 3 ne, kuma babu mai ba shi rance. Taki ya fi ƙarfinsa, don haka zai sayi iri ya tashi da 11. Sai taki ya yi araha ya dawo buhu 3. Duka biyu za su ci 4, bai da su. Taki kaɗai zai bar masa 12, wanda ya fi 11. Sai ya ajiye sabon iri ya sayi taki. Ga shi taki ya yi araha amma sayen iri ya ragu, alhali a cikin ƙasa suna ƙarfafa juna kamar da. Ƙa'idar ba ta yi ƙarya ba, akwatin ne ya rasa kusurwar D, aljihu ya yanke ta. Wannan ne ya sa maganar rance ba ta rabuwa da maganar iri da taki. Sannan ko inda sharuɗɗan suka cika, ƙa'idar alkibla kawai take nunawa. Ba ta ce telan zai ƙara keke ɗaya ko biyar ba, ba ta ma yi alkawarin zai ƙara ba, ta dai ce ba zai rage ba.

Kayan da ke maye gurbin juna fa, sun fita daga lissafin? Idan biyu ne, akwai dabara. Gawayi da gas suna maye gurbin juna a girki. Maimakon a ƙirga gawayin da aka saya, a ƙirga gawayin da aka rage. Yanzu ƙarin gas yana sa rage gawayi ya fi sauƙi, ke nan “gas” da “ragin gawayi” suna ƙarfafa juna, duk abin da muka faɗa a sama ya hau kansu. An juya ma'aunin ɗaya ne kawai, sama ta koma ƙasa.

Ga aikin gida, tambaya uku. Ta farko: a gonarmu ta asali, idan sabon iri ya yi tsada ya koma buhu 6, a wane farashin taki ne manomin zai bar A, kuma wace kusurwa zai nufa? Ta biyu: bari x da y kowanne ya zama 1 ko 2. Ku cike akwatin sau huɗu, da x + y, da x × y, da “ƙarami a cikin biyun”, da “babba a cikin biyun”. Wanne ne ke ƙarfafa juna, wanne ke maye gurbi, wanne ne ba ruwansa? Ku kuma faɗi wanne ya yi kama da takalmin ƙafar dama da na hagu. Ta uku ta jarumai ce: a ƙara itace a kan gawayi da gas, ukun kowanne yana maye gurbin kowanne. Ku gwada dabarar juya ma'auni ku ga ko za ku iya sa ukun duka su ƙarfafa juna. In ya gagara, ku rubuta dalilin a layi uku. A aiko da amsa tare da suna da aji da makaranta, za mu warware su a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.